Inuwa, agogon malaman da

Kafin agogo ya zama kayan kowa a Dutsin-Ma da Kurfi, inuwa ce ke tayar da ladan. Mutum zai tsaya a fili, ya lura da inda inuwar kansa ta ƙare, sannan ya auna ta da tafin ƙafa, diddige na bin yatsa. Malamai suna lissafa tsawon mutum ƙafa 7 ne da ƙafarsa. Ƙa'idar tana cikin Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda almajiran ƙasar Hausa ke karantawa har yau: azahar na shiga idan rana ta yi zawali inuwa ta soma ƙaruwa, la'asar kuma idan inuwar abu ta kai tsawonsa, ban da inuwar zawali.

Wannan inuwar zawalin ita ce wurin gwaninta, domin ba ta zama wuri guda. A wannan yanki rana na ratsa tsakar ka sau biyu a shekara, wajen ƙarshen Afrilu da kuma bayan tsakiyar Agusta, har inuwa ta kusa ɓacewa ƙarƙashin ƙafa. Tsakanin lokutan nan inuwar tsakar rana kudu take faɗuwa. A watan Disamba kuwa, cikin hunturu, takan miƙe arewa har kimanin ƙafa 5, sai la'asar ta koma ƙafa 12. Littafin Risala da aka rubuta a Ƙairawan ba zai ba ka waɗannan alƙaluma ba. Sai ka zauna gaban wanda ya auna su a ƙasarku.

Ƙasar Katsina ta taɓa kai irin wannan ilimi nesa. Muhammadu ɗan Muhammadu al-Kashinawi, masanin hisabi da taurari, ya tafi aikin hajji, daga baya ya zauna a Alƙahira, inda ya rasu a 1741 a gidan Shaihu Hasan al-Jabarti. Mai masaukin nasa ya ɗauki ilimi a wurinsa, kuma shi kansa gwani ne wajen zana mizwala, agogon rana na kan dutse. Abdurrahman ɗan Shaihu Hasan, marubucin tarihin Masar, ya ruwaito cewa gwamna Ahmad Basha ya koyi wannan sana'a a hannun mahaifinsa, har ya yi mizwalar da aka kafa a masallacin Azhar.

Abin da ke damuna shi ne na gida. Dutsin-Ma na da jami'ar tarayya tun 2011, ga kuma Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita. Ya kamata ɗalibansu su shiga zaurukan dattawan ladanai na Kurfi da kewaye, su rubuta awon inuwar kowane wata daga bakin waɗanda suka yi aiki da shi.