SARKIN DA YA NEMI A KOYA MASA SARAUTA

Duk wadda ta taɓa ratsa Kurmi neman turaren wuta ko kayan ɗaki, ko ta tsaya a ƙofar fada kallon hawan Sallah tana jin kakaki na tashi, to ta ga aikin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa ko da ba ta san sunansa ba. Shi ne sarki na ashirin a jerin sarakunan Kano, ya hau gado a 1463 ya rasu a 1499. Shi ya kafa kasuwar Kurmi, shi ya gina gidan sarautar da har yau ake kira Gidan Rumfa, ya ƙara wa ganuwa faɗi, ya kawo kakaki da figini da takalmin gashin jimina da dawakin zage. Kundin tarihin Kano, wanda wani Bature mai suna Palmer ya juya zuwa Turanci a 1908, ya lissafa abubuwa goma sha biyu da Rumfa ya soma yi a ƙasar nan. To amma ni abin da ya fi tsaya mini a rai ba ya cikin lissafin nan.

Wajen shekarar 1492 wani malami ya sauka a Kano, sunansa Muhammadu ɗan Abdulkarimu, wanda muka fi sani da Shehu Magili. Mutumin Tilimsan ne, a ƙasar da yanzu ake kira Aljeriya, ya kuma zauna a Tuwat cikin Sahara. Malami ne mai zafi ƙwarai, ba ya tauna magana, har zafin nasa ya jawo rikici babba tsakaninsa da Yahudawan Tuwat da wasu malamai 'yan'uwansa kafin ya nufo kudu. Ba kango ya tarar a Kano ba, domin tun zamanin Sarki Yaji Wangarawa suka shigo da Musulunci fada, sannan a zamanin Yakubu, mahaifin Rumfa, Fulani suka zo daga Mali da littattafan tauhidi da na lugga. Gari ne mai malamansa da kasuwarsa da dakarunsa.

Yanzu ki lissafa da kanki. Lokacin da baƙon nan ya iso, Rumfa ya kusa shekara talatin a kan gado. Ya yi yaƙi, ya yi gini, in ya yi tari fadawa su ce gyara kimtsi. Irin wannan mutum wa zai koya wa sarauta? Amma sai ga shi ya karɓi baƙon malami hannu biyu, ya nemi shawararsa, har aka rubuta masa ɗan littafi da Larabci a kan abin da ya wajaba a kan masu mulki, wanda ake kira Tajuddini. Ba kirari aka rubuta masa ba, ba kuma tarihin kakanninsa ba. Aikinsa aka jera masa babi-babi har takwas, kamar yadda ake jera wa sabon almajiri.

Wallahi in kin duba zamanmu na yau sai ki ga abin ba ƙarami ba ne. Mace ta shekara goma a ɗakin miji ta haifi uku, shi ke nan ta gama sani, in ƙanwarta ta gyara mata karatun Fatiha sai ta kumbura fuska kwana biyu. Wata kuma an buɗe Islamiyyar matan aure a bayan gidanta amma kunya ta hana ta zuwa, wai kada a gan ta da allo ko littafin farko alhali 'yarta tana aji huɗu. Maza kuwa kada ma a yi zancensu, wani in matarsa ta ce ga yadda malam ya ce, sai ya ce yaushe aka haife ki. Ga mai Kano da kewayenta bai ji wannan kunyar ba.

Littafin ya fara ne da niyya, wato mai mulki ya san riƙo aka ba shi, ba gadon kakansa yake ci ba. Ya yi magana a kan shiga da kamun kai, da yadda za a tsara ma'aikata, da taka-tsantsan a gida da halin tafiya, ya ƙare da inda ya halatta a samo dukiyar baitulmali da inda za a kashe ta. Sai dai akwai wurare biyu da nake so mu ɗan zauna a kansu.

Na farko bincike. Malam ya nuna wa sarki cewa bai isa ya zauna a soro ana kawo masa labari yana yanke hukunci ba, lallai ya bi diddigin al'amura, ya san halin waɗanda ya ba amana, ya san yadda ake yi da dukiyar marayu. Ya yi ta maimaita gargaɗi a kan shugaban da ke ɓuya daga mutanensa, har ya ɗauki wannan ɓuyan a matsayin tushen ɓarna. Dalilin a fili yake. Duk wanda ba ya fitowa ya gani da idonsa, to da idon wani yake gani, wanin nan kuwa yana da tasa buƙata. Haka abin yake a tsakar gida. Uwargidan da ke kwance a ɗaki ƙofa a rufe, 'yar aike ce ke gaya mata abin da amarya ta ce, 'yar riƙo ce ke gaya mata wanda ya fasa tulu, ai ba ita ke riƙe da gidan ba, masu kai-kawo ne ke riƙe da shi. Gidaje nawa suka watse a birnin nan saboda "an ce kin ce"? Da maigidan da ke majalisa tun bayan La'asar sai sha ɗayan dare, in ya shigo wadda ta riga kai ƙara ita ce mai gaskiya.

Na biyu ya shafe mu kai tsaye. A babin shari'a malam ya ce wajibi ne sarki ya riƙa zama kullum a inda mata da yara za su iya isa gare shi, kada ya ce ai ya naɗa alƙalai ya huta, domin sau da yawa ƙarar ma a kan waɗanda ya naɗa ɗin take. Ki ji fa, fiye da shekara ɗari biyar da suka wuce, a cikin birnin nan, aka rubuta wa sarki cewa kukan mace ya isa kunnensa ba tare da ɗan tsakani ba. Bazawarar da aka cinye wa gado, da yarinyar da aka yi wa auren dole, da su aka yi wannan magana.

Kada ki ɗauka ina wanke Rumfa ne tas. Kundin da ya yabe shi shi ne kuma ya faɗa mana cewa shi ya soma kame, ana kwaso 'yan mata ana kai su fada, har aka ce ya tara mata dubu. Wannan ba abin yabo ba ne ko a wane zamani, kuma kowace uwa ta san zafinsa. Shi ne kuma aka ce ya soma kulle a Kano. Daga fada al'adar ta sauko gidajen malamai da attajirai, har ta game gari.

To a nan ne labarin ya yi daɗi. A cikin gidan nan da aka soma kulle, a nan aka sami macen da marubutan tarihi suka kasa tsallake sunanta, su da ba su cika ambaton mata ba sai dai a ce uwar wane. Ita ce Madaki Auwa, matar Rumfa, mahaifiyar Sarki Abdullahi wanda ya yi mulki daga 1499 zuwa 1509. Lokacin da ɗanta ya fita yaƙi, wani babba a gari da ake kira Dagaci ya soma shirin tawaye, aka ce ƙarfin faɗa-a-jinta ne ya hana wutar ta ci gari kafin sarki ya dawo. Da jikanta Muhammadu Kisoke ya hau, wanda ya daɗe har 1565, kundin cewa ya yi ya riƙe garin ne tare da mahaifiyarsa Iya Lamis da kakarsa Auwa da ɗan'uwanta Guli. Mace ɗaya ta ga mulkin miji da na ɗa da na jika, kuma ba 'yar kallo ba ce. Ba takobi gare ta ba. Wadda za ta kashe tawaye daga cikin gida, dole ta san abin da ke gudana a gari, ta san halin kowane basarake, ta san wanda za a lallasa da wanda za a tsawatar wa. Wato dai binciken nan da aka rubuta wa mijinta.

Littafin Shehu Magili bai mutu da Rumfa ba. Malamin ya wuce Gawo ya amsa tambayoyin Askiya Muhammadu na Songhai, ya bar zuriyarsa a unguwar Sharifai, inda sarautar Sidi Fari take. Bayan shekara ɗari uku Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da ƙaninsa Abdullahi suka riƙa kafa hujja da rubuce-rubucensa. Shi Malam Abdullahi a Kano ɗin nan ya rubuta Liya'ul Hukkami, bayan mutanen gari sun tsayar da shi yana kan niyyar tafiya gabas, suka roƙe shi ya rubuta musu yadda ake mulki. Sau biyu ke nan Kano ta tsayar da malami ta ce rubuta mana. Shehu Usmanu kuwa ya yi faɗa sosai da malaman da ke karantar da almajirai a zaure su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin duhu, 'yarsa Nana Asma'u kuma ta tsara 'yan taru masu kai karatu har ɗakin matan ƙauye.

Duk da haka an daɗe a gidaje da yawa ana haɗa kulle da jahilci kamar Hassan da Hussaini, alhali ƙafa aka hana fita, ba littafi aka hana shiga ba. A 1980 gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa hukumar ilimin manya ta jihar Kano, aka buɗe azuzuwan matan aure, mata masu goyo suka zauna kan benci suna koyon baƙi da wasali. Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, ƙanwar Janar Murtala Muhammed haifaffen Kurawa, an cire ta daga firamare aka yi mata aure tana da shekara goma sha uku. Da girmanta ta koma neman karatu, ba ta ce lokaci ya wuce ba. A 1987 ta fitar da Budurwar Zuciya, a 1990 ta fitar da Wa Zai Auri Jahila? da Alhaki Kuykuyo Ne, matan birni suka riƙa karɓar haya suna karantawa bayan an sauke tukunya, wadda ba ta iya ba kuma ta sa 'yarta ta karanta mata. A 2012 aka buga fassarar Alhaki da Turanci a ƙasar Indiya, aikin Farfesa Aliyu Kamal.