Daga Rasit ɗin Haraji Zuwa Bizar Dubai: Yadda Hukuma Ke Gane Mai Inshorar Lafiya

'Yan'uwa ɗalibai, duk farkon shekara 'yan'uwanmu mazauna Amurka sukan shiga hidimar tattara takardun haraji, kuma a cikin takardun akwai wani fom mai lamba 1095 wanda ke nuna ko mutum yana da inshorar lafiya a shekarar da ta wuce. Mu a nan Dubai babu wanda ya taɓa aiko mana da irinsa, domin ba a karɓar haraji a kan albashi. Wannan ya sa wasunmu ke zaton hukuma ba ta damu da maganar inshorarmu ba. Ni kuwa a nawa nazarin, binciken da ake yi mana a nan ya fi na Amurka tsanani, illa dai wurin da ake tare mu ne ya bambanta. Kowace gwamnati tana da ƙofar da ta san dole mutum ya bi, kuma a bakin wannan ƙofa take zama ta jira shi. Tarihin wannan ƙofa nake so mu waiwaya tare.

Bari in fara da gida, domin abin ba baƙo ba ne a gare mu. Bayan Turawa sun ci ƙasar Hausa a 1903, Lugga ya fitar da dokar kuɗin shiga ta 1906 wadda ta tattara tsoffin kuɗaɗen da sarakuna ke karɓa ta mayar da su haraji, aka bar jangali a kan shanu. Daga baya rasit ɗin haraji ya zama tamkar katin shaida. Iyayenmu suna ba da labarin yadda magidanci ba ya kuskura ya kama hanyar cin rani ko fatauci ba tare da rasit a aljihu ba, don kuwa ana iya tare shi a kasuwa ko a tasha a ce ya nuna. Haka aka yi ta tafiya har 1979, lokacin da gwamnatocin PRP na Muhammadu Abubakar Rimi a Kano da Abdulƙadir Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali. Talaka ya huta, wannan gaskiya ne, amma ita ma hukuma ta rasa takarda ɗaya tilo da ke haɗa ta da kowane magidanci sau ɗaya a shekara. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

A Amurka kuwa, haraji da inshorar lafiya sun daɗe da ƙulla zumunci. Lokacin yaƙin duniya na biyu gwamnati ta ƙayyade ƙarin albashi a 1942, sai kamfanoni suka koma jawo ma'aikata da alkawarin biya musu kuɗin asibiti. Dokar haraji ta 1954 ta tabbatar da cewa ba za a lissafa wannan alfarma cikin kuɗin da ake cire wa haraji ba. Jihar Masachusets ce ta fara tilasta wa mazaunanta yin inshora a 2006, zamanin Gwamna Mitt Romney, ta kuma ce a kawo shaida a takardar haraji. Da Shugaba Obama ya sa hannu a dokar kiwon lafiya ta 2010, sai tsarin ya game ƙasa baki ɗaya. Fom 1095-A na waɗanda suka sayi inshora a kasuwar da gwamnati ta buɗe ne, 1095-B kamfanonin inshora da shirye-shiryen gwamnati ke bayarwa, shi kuma 1095-C na masu aiki ne a wurin da ke da cikakkun ma'aikata 50 ko fiye. Wanda ba shi da inshora, tararsa ta fara daga dala 95 ko kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigarsa a 2014, ta kai dala 695 ko kashi 2.5 a 2016. Kotun Ƙoli ma a 2012 ta bar dokar ta rayu ne bisa hujjar cewa tarar nan nau'in haraji ce. Dokar haraji ta 2017 ta mayar da tarar tarayya sifiri tun daga 2019, sai dai wasu jihohi irin su Kalifoniya da Niyu Jasi sun kafa tasu, kuma fom ɗin bai mutu ba.

To me ya hana Dubai bin wannan hanya? Amsar tana bakin mashigin ruwan nan da ya raba Deira da Bur Dubai. A farkon shekarun 1900, lokacin da hukumomin Farisa suka tsananta kuɗin fito a tashar Linga, Sheikh Maktum bin Hashar, wanda ya yi mulki daga 1894 zuwa 1906, ya sauke kuɗin fito a tasa tashar, ya ba fatake wurin zama da alkawarin tsaro. Attajirai suka kwaso kayansu suka ƙetaro. Tun daga wannan lokaci sauƙin haraji ya zama jarin garin. An gano mai a 1966, aka fara fitar da shi a 1969, kuɗin ya gina tituna da tashoshi da asibitoci. Asibitin Al Maktum da aka buɗe a 1951 ya samu ƙani, wato Asibitin Rashid, a 1973. Shekara da shekaru gwamnati ce ke ɗauke da mafi yawan nauyin jinya, baƙo ya yanki katin lafiya da ɗan kuɗi kaɗan ya ga likita.

Amma fa baƙi suka yi ta ƙaruwa har suka kai kusan tara cikin kowane mutum goma. Nauyin ya fi ƙarfin baitulmali, ga shi kuma ba a son taɓa albashin mutane. Ko da aka zo kawo haraji daga baya, a kan saye da sayarwa aka ɗora kashi 5 cikin 100 a Janairun 2018, sannan kashi 9 a kan ribar kamfanoni daga Yunin 2023. Ma'aikaci dai har yau ba ya cike takardar harajin albashi. Saboda haka sai aka duba wata ƙofar da babu baƙon da zai kauce mata, wato bizar zama, wadda da yawanmu ke kira iƙama.

Abu Dabi ce ta fara, da doka mai lamba 23 ta 2005, wadda ta soma aiki a 2006. Dubai ta kafa Hukumar Lafiya ta DHA a 2007, sannan Sheikh Muhammad bin Rashid ya fitar da doka mai lamba 11 ta 2013. An bi abin daki-daki: kamfanoni masu ma'aikata 1,000 zuwa sama aka ba su zuwa ƙarshen Oktoban 2014, masu 100 zuwa 999 zuwa ƙarshen Yulin 2015, sauran ƙanana da iyalai da masu aikin gida zuwa ƙarshen Yunin 2016, kodayake an ƙara wa na ƙarshen nan wa'adi. Aka sa tarar dirhami 500 a kowane wata a kan kowane mutum ɗaya da ba a yi wa inshora ba, aka kuma ɗaure fitar da biza da sabunta ta da shaidar inshora. Ga masu albashin da bai kai dirhami 4,000 ba an tsara musu mafi ƙanƙantar inshora, wadda aka fara ta da iyakar dirhami 150,000 a shekara. Daga 1 ga Janairun 2025 tilascin ya kai ga ma'aikatan kamfanoni da masu aikin gida a Sharja da Ajman da sauran masarautun arewa, da wani tsari na dirhami 320 a shekara.

Kun ga ke nan aikin da fom 1095 ke yi a Amurka, kwamfuta ce ke yin sa a nan. Kamfanin inshora ya shigar da sunanka, sunan ya haɗu da katinka na Emirates ID, jami'in shige da fice ya gani ko kada ya gani. Ba'amurke shi ke kai rahoton kansa bayan shekara ta ƙare. Mu kuwa kafili ne ke da alhakin, kuma kafin a ba da izinin zama ake tambaya.

A nan ne nake so mu buɗe ido. Dokar Dubai ta ɗora wa mai ba da aiki biyan inshorar ma'aikacinsa, ta kuma hana shi cire kuɗin daga albashi. Amma ba ta tilasta masa biya wa mata da 'ya'ya ba, saɓanin Abu Dabi inda nauyin ya haɗa da mata ɗaya da 'ya'ya uku 'yan ƙasa da shekara 18. Duk wanda ya ɗauko iyalinsa ko mahaifiyarsa a kan bizarsa a Dubai, shi ne kafili, shi zai biya. Ɗalibin da jami'a ta yi wa biza ya tambayi ofishin ɗalibai wane kamfani ne, waɗanne asibitoci ne ke cikin jerinsa, kashi nawa zai biya daga aljihu, kuma ko akwai watannin jira kafin a karɓi ciwon da ya zo da shi, kamar sikila ko ciwon suga ko asma. Sannan tunda inshorar a jikin biza take rataye, ranar da karatu ya ƙare ko aiki ya tsaya, ita ma kwanakinta ƙidayayyu ne. Su kuma 'yan kasuwarmu na Kwari da Wambai da ke zuwa sarin kaya a Deira da bizar ziyara, wannan tsari na mazauna bai rufe su ba, sai sun yi inshorar tafiya tasu. Kwana biyu a gadon asibitin kuɗi a garin nan na iya cinye ribar kwantena. Mai shakka ta fuskar addini kuwa, akwai kamfanonin takaful, kuma ɗaya daga cikin na farko a duniya, Salama, a nan Dubai aka kafa shi a 1979.

Yanzu mu koma gida kamar yadda na yi alkawari. An kafa shirin NHIS da dokar soja ta 1999, aka ƙaddamar da shi a 2005, amma galibi ma'aikatan gwamnatin tarayya ya amfana. Jihohi sun kafa nasu, kamar hukumar taimakekeniyar lafiya ta Kano, KSCHMA. A watan Mayun 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar NHIA wadda ta wajabta inshorar lafiya a kan kowa. Doka ta yi kyau a takarda, amma a wace ƙofa za a tsaya a tambaya? Ma'aikaci mai albashi yana da sauƙi, ana cira tun daga tushe. Manomi a Ɗambatta da mai shayi a Sabon Gari da mai ɗinki a Zariya ba su cike fom ɗin haraji, ba su sabunta biza, rasit ɗin da ya taɓa bin kakanninsu kuma an daɗe da binne shi. Shi ya sa har gobe yawancin mutanenmu daga aljihu suke biyan kuɗin magani, wani ya sayar da akuya, wani ya jinginar da gona.

Ba ina kiran a dawo da harajin da ya sa kakanninmu gudun dare ba ne, Allah Ya kiyaye. Ba kuma ina cewa a kwafo tsarin Dubai yadda yake ba, domin an gina shi ne a kan baƙin da za a iya cewa su tafi, ɗan ƙasa kuwa ba inda za a kora shi. Abin da tarihin nan ya nuna mini shi ne, wajabta inshora ba ya aiki sai an samu wurin da hukuma da talaka ke haɗuwa a kai a kai, kuma talakan ya ga amfanin zuwa wurin. A wurinmu wataƙila lambar NIN ce, ko layin waya, ko ƙungiyoyin kasuwa da na direbobi da na manoma waɗanda tuni suke karɓar kuɗin mako daga 'ya'yansu. Masu karanta lissafin kuɗi da likitanci da kwamfuta a cikinmu, wannan aikinku ne idan kun koma.

Kafin nan dai, kowa ya ciro katinsa yau ya duba ranar da inshorarsa za ta ƙare, ya kuma tambayi na kusa da shi ko ya duba tasa. Allah Ya ba mu lafiya mai amfani, Ya mai da mu gida da ilimi mai albarka, amin.