Ina Jiragen Yaƙin Basasa Suka Shiga?

A wannan fitowa ina so mu waiwayi wani ɓangare na tarihin ƙasarmu wanda ba a cika koyar da shi a aji ba, wato labarin jiragen saman yaƙi masu injin jet da Nijeriya ta fara mallaka, da kuma inda mutum zai je yau idan yana son ya ga ragowarsu da idonsa.

A ƙasashen Turawa akwai masu bin sawun tsofaffin jiragen yaƙi, su rubuta lambar kowane ɗaya da wurin da aka ajiye shi. Misali shi ne jirgin nan na sojan ruwan Amurka mai suna F-14 Tomcat, wanda yake tashi daga kan jirgin ruwa. An ƙera guda 712, aka daina aiki da shi a Amurka a 2006. Daga nan gwamnati ta sa aka daddatse da yawa daga cikinsu don kada kayan gyaransu su faɗa hannun Iran, wadda ta sayi irinsa tun zamanin Sha. Duk da haka sai da suka keɓe wasu suka rarraba wa gidajen tarihi, kamar na sojan ruwa da ke Fensakola a Jihar Fulorida. Mu kuwa sojan ruwanmu ba su taɓa mallakar jirgin yaƙi mai injin jet ba. Namu labarin na mayaƙan sama ne, kuma a Kano ya soma.

An kafa rundunar mayaƙan saman Nijeriya a 1964 da taimakon Jamus ta Yamma, har ma shugabanta na farko Bajamushe ne, Kanar Gerhard Kahtz. Lokacin da yaƙin basasa ya ɓarke ranar 6 ga Yuli, 1967, rundunar ba ta da komai sai jiragen koyon tuƙi da na ɗaukar kaya. Ingila da Amurka suka ƙi sayar wa gwamnatin Yakubu Gowon jiragen yaƙi. To, in dambu ya yi yawa ba ya jin mai, kuma wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Sai gwamnati ta juya wajen Tarayyar Sobiyet, Cif Anthony Enahoro ya tafi Mosko. Cikin watan Agusta na 1967 manyan jiragen ɗaukar kaya samfurin Antonov suka fara sauke jiragen MiG-17 a filin jirgin saman Kano, a wawware, aka harhaɗa su a nan. Aka kuma samo L-29 Delfin daga Cekosulobakiya, daga baya aka ƙaro masu jefa bom samfurin Il-28.

Shi MiG-17 ƙaramin jirgi ne mai ɗaukar mutum ɗaya, fukafukansa a karkace zuwa baya, bakinsa a buɗe don shaƙar iska. Ya fara tashi a 1950. Yana ɗauke da igwa uku, ɗaya mai faɗin milimita 37, biyu masu milimita 23, kuma gudunsa ya kai kilomita 1,100 a awa. An ƙera fiye da 10,000 a Rasha da Folan da Sin. Shi ne kuma ya kara da jiragen sojan ruwan Amurka a sararin Biyetnam. Da yake a lokacin ba mu da isassun matuƙa, Misirawa ne suka fara tuƙa mana shi, sannan sojojin haya na wasu ƙasashe, kafin 'yan ƙasa su ƙware.

Tarihi ba ya son ɓoye-ɓoye. Waɗannan jirage sun taimaka wajen riƙe ƙasa ɗaya, amma kuma hare-haren sama sun faɗa kan kasuwanni da garuruwa, farar hula da yawa suka rasu. Ranar 5 ga Yuni, 1969 wani MiG-17 ya harbo jirgin agaji na Red Cross samfurin DC-7 kusa da Eket. A ɗaya ɓangaren kuma, a watan Mayu na shekarar, wani matuƙi ɗan Suwidin mai suna Carl Gustaf von Rosen ya jagoranci ƙananan jirage biyar samfurin MFI-9, suka kai hari filayen jirgin Fatakwal da Binin da Inugu, suka lalata wasu jiragen gwamnati a ƙasa. Shi kansa shugaban rundunar, Kanar Shittu Alao, a cikin L-29 ya rasu a hatsari a watan Oktoba na 1969. Yaƙi ya ƙare ranar 15 ga Janairu, 1970.

To, ina jiragen suka shiga? Mai neman amsa ya kama hanyar Umuwahiya ta Jihar Abiya, inda aka kafa Gidan Tarihin Yaƙi na Ƙasa a 1985. A filin gidan akwai MiG-17 da Il-28 na gwamnatin tarayya, ga kuma ƙaramin jirgin nan na 'yan Biyafara a kusa da su. Akwai jirgin ruwan yaƙi NNS Bonny, da motocin sulke da Biyafara ta ƙera da hannunta, da bom ɗin nan da suke kira Ogbunigwe. Abin lura shi ne an ajiye kayan ɓangarorin biyu wuri guda, waɗanda jiya suke farautar juna yau suna tsaye a fili ɗaya, rana da ruwan sama suna dukansu baki ɗaya.

Waɗanda suka biyo bayan MiG-17 su ma sun zama tarihi. A 1975 aka fara kawo MiG-21, wanda ya fi sauti gudu, shi ne ya gaje shi. A 1984 aka kawo Jaguar guda 18 ƙirar Ingila da Faransa, aka ajiye su a Makurɗi. Ba su cika shekara goma suna tashi ba aka dakatar da su a farkon shekarun 1990 saboda tsadar kulawa, suka shafe shekara da shekaru a ajiye. Duk wanda ya yi zamanin SAP ya san yadda Naira ta karye a lokacin, kuma kayan gyaran jirgi da kuɗin waje ake sayensu. Jirgin da aka daina tashi da shi hanya uku gare shi: ko a girke shi a ƙofar bariki don ado, ko a riƙa cire sassansa ana gyara 'yan uwansa, ko ya ƙare a hannun 'yan gwangwan. Da zarar an narkar da shi kuwa, shi ke nan, ba lamba ba labari.

Wani zai ce me ya haɗa mutumin Gusau ko Tsafe ko Bunguɗu da wannan zance? A 1967 muna cikin Jihar Arewa maso Yamma, yaƙi yana can nesa, sai dai labari a rediyo da kuma samarinmu da suka shiga soja, wasu suka dawo wasu ba su dawo ba. Yau kuwa ƙarar jirgin yaƙi ba baƙuwa ba ce a sararin Zamfara. A 2018 mayaƙan sama suka ƙaddamar da farmakin Diran Mikiya kan 'yan bindiga. Ranar 18 ga Yuli, 2021 aka harbo wani Alpha Jet yana dawowa daga aiki a kan iyakar Zamfara da Kaduna, matuƙinsa Abayomi Dairo ya dira da lema, Allah ya kuɓutar da shi. Irin wannan jirgi tun farkon shekarun 1980 aka fara kawo shi ƙasar nan, ya kuma yi aikin ECOMOG a Laberiya. Wata rana shi ma za a ajiye shi, kuma jikokinmu za su tambaya me ya faru a dazuzzukan nan. Idan ba a adana komai ba, da me za a nuna masu?

Saboda haka ina ba ƙungiyarmu shawara guda biyu. Ta farko, a cikinmu da cikin iyayenmu akwai waɗanda suka yi aikin soja, wasu ma sun ga yaƙin basasa, kuma duk wanda ya shiga yana ɗan shekara 18 a 1967 yau ya haura 75. A naɗa 'yan kwamiti su zauna da su, a ɗauki maganarsu, a kwafi hotunansu da takardun sallamarsu, a ajiye a ɗakin karatun makaranta. Ta biyu, idan hali ya yi kuma hanya ta yi kyau, mu ɗauki nauyin wasu ɗaliban ajin ƙarshe tare da malamin tarihi su je Umuwahiya. Gani ya kori ji. Yaron da ya tsaya a gindin MiG-17, ya ga kuma bom ɗin da aka ƙera a ɗaya ɓangaren, ba zai ƙara ɗaukar yaƙi abin wasa ba.

Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya saka wa malamanmu da alheri, ya zaunar da jiharmu da ƙasarmu lafiya, amin.