Tarihin Lissafin Wa'adi a Sadarwar Sensa Marar Waya

Sadarwar sensa marar waya tarin ƙananan na'urori ne masu aiki da batir, da ake bazawa a masana'anta ko gona ko jikin gada. Kowace tana auna wani abu, zafi ko girgiza ko matsin gas, ta miƙa wa maƙwabciyarta ta rediyo, ita ma ta miƙa gaba, har saƙon ya kai cibiya. Fannin da ake magana a kansa a nan tambaya ɗaya yake bi: shin lissafi zai iya tabbatarwa, tun kafin a kafa na'urorin, cewa saƙo zai isa kafin wa'adinsa ya cika? A matatar mai, labarin hauhawar matsi da ya iso a makare ba shi da maraba da wanda bai iso ba.

Lissafin ya girmi na'urorin nesa ba kusa ba. A 1909 Agner Erlang na kamfanin tarho na birnin Copenhagen ya soma nazarin layin jira, sai dai irin wannan lissafi ya fi ba da matsakaicin jinkiri. Mai kula da tukunyar tururi kuwa ba matsakaici ke hana shi barci ba, ranar da komai ya cakuɗe yake son ya san iyakarta. A 1973 C. L. Liu da James Layland suka nuna cewa in ayyuka masu maimaituwa suna raba kwamfuta ɗaya, aka fifita wanda ya fi saurin dawowa, babu wanda zai saɓa wa'adi muddin nauyin bai haura kusan kashi 69 cikin 100 na ƙarfinta ba. A 1991 Rene Cruz ya shigo da irin wannan tunani cikin sadarwa, Jean-Yves Le Boudec da Patrick Thiran kuma suka tattara shi a littafi a 2001. Dabarar tana da kyau ainun: a shata layi na mafi yawan saƙon da zai iya shigowa, a shata wani na mafi ƙarancin hidimar da hanya ta lamunta. Tazarar da ke tsakaninsu ita ke faɗin jinkiri mafi muni, da girman ma'ajiyar da saƙonni za su jira a ciki.

Su kuwa na'urorin, hukumar binciken soja ta Amurka, DARPA, ta ɗauki nauyin bincikensu tun wajen 1980, amma sai ƙarshen shekarun 1990 suka ƙanƙance, da aikin Smart Dust na Kris Pister a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, inda manhajar TinyOS ita ma ta fito. A 2002 aka kafa guda 32 a tsibirin Great Duck na jihar Maine, wasu a cikin ramukan da tsuntsayen teku ke sheƙa. A can ba wanda ya damu da jinkirin minti guda. Batir ne abin tattali. Rediyo shi ya fi shan batir, don haka aka koya wa na'urorin yawan barci. Nan gizo ke saƙar: saƙon gaggawa zai tarar da maƙwabciya tana barci, dole ya jira ta farka.

Ƙa'idar rediyon irin waɗannan na'urori, IEEE 802.15.4 ta 2003, ta ba da zangon rediyo 16 a kan gigahaz 2.4, da gudun kilobit 250 a daƙiƙa. Tsarinta na yau da kullum shi ne na'ura ta ɗan jira gwargwadon ƙuri'a, ta kasa kunne, in ta ji shiru ta aika. Abin da ya dogara da ƙuri'a ba ya ɗaukar alkawari. Ƙa'idar ta ware guraben lokaci na musamman, amma ba su wuce 7 ba. A 2005 Jens Schmitt da Utz Roedig suka daidaita lissafin Cruz da sadarwar sensa, a 2006 kuma Anis Koubâa da Mário Alves da Eduardo Tovar a Porto ta Fotugal suka ƙididdige jinkiri mafi muni a tsari mai rassa irin na bishiya, inda na'urorin kusa da cibiya ke ɗaukar kayan duk na bayansu.

Babban abin da ya faru, a ganina, shi ne da sadarwar ta ƙi lissafuwa, ita aka sake wa fasali. Kamfanin Dust Networks na Pister ya koma ga rabon lokaci, kuma a kan wannan aka gina tsarin WirelessHART a 2007. An yanka kowace daƙiƙa gida 100, kowace na'ura da gurbinta kamar 'yan adashi, kowa da ranar kwasarsa, zangon rediyon kuma yana sauyawa daga aike zuwa aike don kauce wa katsalandan. Wata manhaja a cibiya ke tsara jadawalin duka. Tsarin ya zama ƙa'idar duniya ta IEC 62591 a 2010, dabarar kuma ta shiga 802.15.4e a 2012. Tsara jadawalin ma ba wasa ba ne: a 2010 Abusayeed Saifullah da Chenyang Lu da abokan aikinsu a Jami'ar Washington ta St. Louis suka nuna cewa yana cikin matsalolin da ba a san hanyar warware su cikin sauri ba in sun girma, sai dai a nemi mafita mai gamsarwa.

Duk da haka iska ba waya ba ce. Motar ɗaukar kaya ta gitta a cikin sito, ko Wi-Fi ya taso, sai saƙo ya salwanta a gurbin da aka ware masa. Shi ya sa lamunin gaskiya a fannin nan yake tafe da sharaɗi: ana tanadin guraben sake aikawa da hanya ta biyu, sannan a faɗi yiwuwar isa cikin wa'adi. Yuming Jiang da Yong Liu sun fitar da littafi a kan wannan reshe na lissafin yiwuwa a 2008.

A 2011 Federico Ferrari da Marco Zimmerling da abokansu a ETH Zurich suka fito da Glossy, inda duk na'urar da ta ji saƙo take maimaita shi tare da sauran, da bambancin da bai wuce rabin kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa ba, ta yadda muryoyin ba sa rushe juna. Da haka sadarwar ta zama tamkar hanya guda da kowa ke rabawa, tsarin Blink na 2017 kuma ya tsara ta da lissafin kwamfuta ɗaya: saƙon da wa'adinsa ya fi kusa shi ke fara wucewa.