Zaren Rini A Bututun Gilashi: Gwajin Manchester Na 1883

A shekarar 1868, Kwalejin Owens da ke Manchester a Ingila ta ba wani matashi ɗan shekara 25, Osborne Reynolds, kujerar farfesan injiniya. Haifaffen Belfast ne, ɗan limamin coci, kuma sai da ya yi zaman koyon aiki a wani gidan ƙera injuna kafin ya tafi Cambridge karatun lissafi. Wannan haɗin aikin hannu da na ƙwaƙwalwa ya yi masa rana.

Manchester a lokacin garin masaƙu ne, tururi ke juya injunansu. Masu masana'antu na ƙona kwal ba dare ba rana, amma yadda zafi ke ratsa ƙarfen tukunya ya shiga ruwa, galibi kirdado ake yi. A 1874 Reynolds ya nuna cewa cuɗanyar da ke sa ruwa ko iska su goga jikin bututu, ita ce kuma ke kwashe zafi. Masu tsara lagireton mota har gobe suna cin gajiyar wannan fahimta.

Aikin da ya fito da sunansa kuwa a 1883 ya wallafa shi, kuma kayan gwajin ba su taka kara sun karya ba: tankin ruwa, dogon bututun gilashi, famfo, sai ɗan rini. In ya buɗe famfon kaɗan, rinin kan miƙe a tsakiyar bututun kamar zaren saƙa. Ya ci gaba da ƙarawa sannu a hankali, can sai zaren ya yi rawa, ya tsinke, ruwan duka ya rine. Mutane da dama sun san ruwa na rikicewa. Shi ne ya tsaya tambayar yaushe. Ya yi ta sauya faɗin bututu da ɗumin ruwa, har ya gano lamba guda ce ke yanke hukunci: a ninka gudun ruwan da faɗin bututun, a raba da danƙonsa. In ba ta kai wajen 2,000 ba, ruwa na tafiya lami lafiya. In ta zarce, rikici na iya ɓarkewa.

A ganina, haƙurin da ya yi gaban tankin nan ya cancanci yabo fiye da lissafin. A 1908 masanin Jamus Arnold Sommerfeld ya laƙaba wa lambar sunan Reynolds, kuma da ita ake gwada ƙaramin samfurin jirgin sama a ɗakin bincike, a hango halin babban.

Reynolds ya rasu a 1912, tankinsa na nan a Jami'ar Manchester. Rikicin ruwan da ya nuna kuwa bai gama ba masana wuya ba. A shekarar 2000, Cibiyar Clay ta Amurka ta sa kyautar dala miliyan ɗaya ga wanda ya warware babbar tambayar da ke cikin lissafin Navier da Stokes na gudanar ruwa.