Zaren launi a bututun Manchester

A shekarar 1883 ne Osborne Reynolds, farfesan injiniyanci a Kwalejin Owens ta birnin Manchester, ya kwantar da dogon bututun gilashi cikin tankin ruwa, ya riƙa sakin siririn zaren ruwa mai launi ta bakinsa. Idan ya buɗe famfo kaɗan, sai zaren ya miƙe sambal har ƙarshe. Da ya ƙara buɗewa, zaren ya fara rawa, can sai ya tarwatse, launi ya game bututun. Ya haska wurin da tartsatsin lantarki, ya ga ashe murɗewa ruwan yake yi yana juyi.

Reynolds ya gano cewa ba sauri kaɗai ke kawo wannan hargitsi ba. Sai an ninka saurin ruwan da faɗin bututun da nauyin ruwan, a raba da kaurinsa, wato abin da ya bambanta zuma da kananzir wajen zuba. Lamba ɗaya ke fita. A bututu, ƙasa da kimanin 2,000 ruwa na tafiya a natse. In ta haura 4,000, ya rikice. George Stokes ya taɓo batun tun 1851, amma Reynolds ne ya nuna wa ido, shi ya sa Bajamushe Arnold Sommerfeld ya laƙaba wa lambar sunansa a 1908.

A Manchester dai, a 1887, George Davis ya gabatar da laccoci 12 da ake ɗauka a matsayin tushen injiniyancin sinadarai. Masu wannan sana'a suna morar lambar sosai, don masana'antar sinadarai, ko matatar mai irin ta Kaduna, rabinta bututu ne da famfo. Rikicewar ruwa na cin ƙarfin injin turawa, amma ita ce ke gauraya sinadarai da yaɗa zafi da wuri. Injiniya wani wuri gudunta yake yi, wani wurin kuma nemanta yake da kuɗinsa. Da lambar ce kuma yake gwaji a ƙaramin bututu ya san halin babba kafin a ƙera shi.

Kayan gwajin Reynolds suna nan a Jami'ar Manchester. Da aka maimaita gwajin da su bayan kusan shekara ɗari, ruwan ya rikice da wuri fiye da yadda ya yi wa Reynolds, saboda girgizar motocin da ke wucewa a titi.