Beterbiev da alƙalan dambe

A watan Agustan 2008, a birnin Bejin, wani saurayi daga Rasha ya sauko daga dandalin dambe an ce wai ya faɗi. Sunansa Artur Beterbiev. Wanda aka ba nasarar, Zhang Xiaoping, ɗan gida ne, kuma shi ya ci zinariyar Olamfik a rukunin kilo 81 a waccan shekarar. Masu bin damben boksin da dama sun ce alƙalai ba su ƙirga naushin da baƙon ya zuba ba. Ni dai daga nan nake fara labarin wannan mutum, domin a ganina duk abin da ya biyo baya daga wannan rana ya samo asali.

An haife shi ranar 21 ga Janairun 1985 a Khasavyurt, cikin Dagestan, ƙasar duwatsu da 'yan kokawa. Asalinsa Bacecene ne, Musulmi. Ya tashi cikin tsarin horo da Rasha ta gada daga Tarayyar Sobiyet, inda ake ɗaukar yaro tun yana ƙarami a koya masa tsayuwa da taku kafin a koya masa duka. A damben da ba na kuɗi ba ya yi suna ƙwarai: zakaran Turai a 2006 da 2010, azurfa a gasar duniya ta Shikago a 2007, sannan zinariya a Milan a 2009. Har Sergey Kovalev, wanda daga baya ya razana duniya, ya sha kaye a hannunsa a lokacin.

Amma Olamfik ta ƙi shi. A wancan zamani turmi uku ko huɗu ne kacal, alƙalai na danna maɓalli suna ƙirga taɓawa, ba nauyin hannu ba. Mutumin da aikinsa shi ne ya rushe abokin karawa sannu a hankali, kamar mai sarar itace, ina zai samu lokaci? A Landan a 2012 ya haura rukunin kilo 91, Oleksandr Usyk na Yukren ya fitar da shi da maki 17 da 13. Ya koma gida ba lamba.

A 2013, yana da shekara 28, ya yi ƙaura zuwa Montreal ta Kanada, ya shiga damben kuɗi a hannun mai horarwa Marc Ramsay. Abin da ya yi daga nan sai wanda ya gani. Karawa 20 a jere, ba ko ɗaya da ta kai ga alƙalai su buɗe takardunsu. A harshen 'yan dambenmu, kisa 20 ke nan. Ya ɗauki kambun IBF a 2017 bayan ya kwantar da Enrico Kölling a turmi na 12, ya ƙwace na WBC a hannun Oleksandr Gvozdyk a 2019, na WBO kuma a hannun Joe Smith Jr. a 2022, cikin turmi biyu. Wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce ta Marcus Browne a Disambar 2021. Kawunansu suka gwaru, goshin Beterbiev ya tsage, jini ya rufe masa fuska har ana tsoron likita zai tsayar da wasan. Bai ja da baya ba, sai ma ya ƙara matsa lamba, ya gama da Browne a turmi na tara. Kuma duk wannan ba ya cika baki, ba ya zagin abokin karawa, abin da ya yi ƙaranci a wannan sana'a.

Sai ga Dmitry Bivol, shi ma ɗan Rasha, mai riƙe da kambun WBA, mai saurin ƙafa. Ranar 12 ga Oktoban 2024 suka haɗu a Riyad. Na kalli karawar da tsakar dare, zuciyata na dukan uku-uku, domin a karon farko an cika turmi 12 kowa na tsaye. Makomar Beterbiev ta sake komawa hannun mutum uku masu alƙalami. Wannan karon biyu suka ba shi, ɗaya ya ce kunnen doki. Yana da shekara 39, bayan tiyatar gwiwa, ya haɗa kambuna huɗu na rukuninsa, abin da ba wanda ya taɓa yi kafinsa.

Ranar 22 ga Fabrairun 2025 aka sake, a Riyad ɗin dai, alƙalai biyu suka ba Bivol. Na yarda da wannan hukunci, don Bivol ya fi shi a turamen ƙarshe. Ita ce faɗuwar Beterbiev ta farko a damben kuɗi, kuma a tsaye ya ƙare ta.